JA KA AJIYE: YADDA YARA KE GINA WA KWAMFUTA UMARNI DA TUBALA

Masu karatu da yawa sun sha ji ana cewa kwamfuta na'ura ce mai wayo. Gaskiyar al'amari kuwa ita ce ba ta da wayon kome na ƙashin kanta. Misalinta kamar bara ne mai tsananin sauri da biyayya, amma marar tunani. Abin da aka umarce shi, shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da kuwa umarnin na wauta ne. Duk wata gwaninta da mutum ya ga kwamfuta ta nuna, to, wani ɗan Adam ne ya zauna ya tsara mata umarni daki-daki, wannan na bin wannan, har aikin ya kammala.

A da wannan sana'a ta tsara umarni ta mutane 'yan kaɗan ce, waɗanda suka yi zurfi cikin ilmin lissafi. Yau kuwa ga yara 'yan shekara takwas suna yinta a makarantun firamare na ƙasashe da yawa, ba tare da sun rubuta jimla ko ɗaya ba. Abin da su ke yi shi ne su kama wani ɗan hoto mai kama da tubali a fuskar kwamfuta, su jawo shi, su ajiye shi a ƙarƙashin ɗan'uwansa, sai su biyun su manne da juna. Wannan dabara ita za mu riƙa kira "ja ka ajiye" a cikin wannan bayani.

Abin da ya sa na ga ya kamata in yi magana a kanta shi ne, a wurin rangadin makarantu na lura malamai da dama sun ɗauka ja da ajiyewa wasan yara ne kawai, ba ya bukatar koyarwa. Alhali kuwa yana da ƙa'idodi tsayayyu, kuma a cikin waɗannan ƙa'idodi ne masu ƙago shi suka zuba nahawun harshen kwamfuta. Malamin da bai san su ba zai ɓata wa yara lokaci, ya karya musu zuciya, kuɗin da aka kashe wajen sayen na'urorin kuma su tashi a banza. Wanda ya san su kuwa, amma ya zaci su ne iyakar ilmin, shi ma ya kuskure, domin dabarar hannu ta sauƙaƙa wa aiki, ba ta ɗauke wa kai tunani ba.

ASALIN AL'AMARIN

Harsunan da manyan ma'aikata ke ba kwamfuta umarni da su rubutattu ne, kuma nahawunsu yana da tsanani ƙwarai. Mutum in ya rubuta wa abokinsa wasiƙa ya manta da aya ko waƙafi, abokin zai gane nufinsa. Kwamfuta ba ta san wannan afuwa ba. Waƙafi ɗaya in ya ɓace, ko aka buɗe baka ba a rufe ba, sai ta tsaya cik ta ce ba ta gane ba. Saboda haka mai koyo yakan share makonni yana fama da haruffa da alamomi kafin ya kai ga ainihin abin da a ke so ya koya, watau tsara tunani bi da bi.

Masana sun daɗe suna neman maganin wannan. A cikin shekarar 1967, a Amurka, wani masani haifaffen Afirka ta Kudu mai suna Seymour Papert, tare da abokan aikinsa Wally Feurzeig da Cynthia Solomon, suka ƙago wani harshe domin yara, suka sa masa suna Logo. Kafin nan Papert ya yi shekaru a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan yana aiki tare da Jean Piaget, mashahurin masanin nan na yadda hankalin yara ke girma, wanda duk mai ratsa makarantar horon malamai ya ji sunansa. A cikin Logo yaro yakan ba wani kunkuru umarni, ya ce masa yi gaba taku kaza, juya dama kaza, kunkurun kuwa yana tafe yana zana layi. Abin ya yi amfani ƙwarai, amma duk da haka sai yaron ya buga kalmomin da hannunsa, harafi-harafi, ba kuskure.

A wannan zamani kuma, can a jihar Kalifoniya, wani injiniya mai suna Douglas Engelbart ya ƙago wani ɗan akwatin katako mai tayoyi biyu a ƙarƙashinsa, wanda in an tura shi a kan tebur sai wata alama ta motsa a fuskar kwamfuta. Ya nuna wa jama'a shi a birnin San Faransisko cikin watan Disamba na 1968. Turawa suka kira shi ɓera saboda wayarsa mai kama da wutsiya, mu kuwa mukan ce linzami, domin da shi a ke juya 'yar kibiyar da ke yawo a fuskar na'urar. Da kamfanin Apple ya fito da kwamfutarsa Macintosh a 1984, sai jama'a suka saba da kama takarda da linzami su jawo ta su sa a wata ma'ajiya, ko su jefa ta a kwandon shara.

Waɗannan hanyoyi biyu, ta Papert da ta Engelbart, sun haɗu a babbar makarantar fasaha ta MIT da ke kusa da birnin Boston. A nan ne wani almajirin Papert mai suna Mitchel Resnick ya ke shugabantar wata ƙungiya ta masu bincike, waɗanda suka daɗe suna aiki tare da kamfanin LEGO na ƙasar Denmak, mai yin 'yan tubalan roba na wasan yara. Suka lura cewa yaro in an zube masa waɗannan tubala ba ya bukatar a karanta masa wata doka, domin haƙoran wannan su ke shiga gurbin wancan, siffar tubalin ita ke gaya masa abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Sai suka yi shawarar su mai da umarnin kwamfuta haka. Suka soma aiki a 2003, suna gwadawa a ɗakunan da yara ke taruwa bayan an tashi daga makaranta, har suka fito da shi ga duniya cikin watan Mayu na 2007, da sunan Scratch.

Kyauta a ke ba da shi. An sabunta shi a 2013, aka kuma sake sabunta shi a watan Janairu na 2019, kuma wannan na uku shi za mu kwatanta a nan. An yi shi musamman domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16, sa'an nan a 2014 aka fito da ƙanensa, ScratchJr, domin 'yan shekara 5 zuwa 7. An fassara shi cikin harsuna fiye da 70, har da Hausa. Kada kuma mai karatu ya raina abin don an ce na yara ne, gama a Jami'ar Harvard ma da shi a ke buɗe darasin farko na ilmin kwamfuta.

FASALIN WURIN AIKI

In aka buɗe Scratch za a ga fuskar kwamfuta ta rabu kashi uku. A hannun hagu akwai wurin da tubala ke jere, wanda za mu kira rumbu. Tubalan iri tara ne, kowane iri da launinsa: na motsi shuɗi ne, na lissafi kore, na tayar da aiki rawaya, da sauransu. A kan kowane tubali an rubuta umarninsa, kamar "yi gaba taku 10", ko "jira daƙiƙa 1". A tsakiya akwai fili fetal, inda a ke gini. A hannun dama kuma akwai dandali, inda 'yan wasa ke aikata abin da aka umarce su. Ɗan wasan farko da mutum zai tarar wata kyanwa ce, amma ana iya sake ta da wani hoto, ko yaro ya zana nasa. Faɗin dandalin taku 480 ne, tsayinsa taku 360, ana kuma ƙirgawa daga tsakiya: taku 240 dama, 240 hagu, 180 sama, 180 ƙasa. A bisa dandalin akwai koriyar tuta ta fara aiki, da jan maɓalli na tsayarwa.

Ja da ajiyewa kuwa aiki huɗu ne a jere: a kai kibiya kan tubali, a danna maɓallin linzami a riƙe, a tura linzamin ba tare da an ɗaga yatsa ba, sa'an nan a saki. A kwamfutar da a ke shafawa da yatsa, yatsan ne ke tsayawa a matsayin linzami.

SIFFOFIN TUBALA

Siffofin tubala shida ne, kuma kowace siffa doka ce. Na farko shi ne tubalin jeri, wanda ya fi kowanne yawa: yana da gurbi a samansa da haƙori a ƙasansa, don haka ana iya ɗora shi a ƙarƙashin wani, a kuma ɗora wani a ƙarƙashinsa. Na biyu mai malfa ne, samansa a lanƙwashe ya ke ba gurbi, saboda haka ba abin da zai hau kansa. Shi ne shugaban jeri, shi ke faɗin lokacin da aiki zai tashi, kamar "in an danna koriyar tuta". Na uku shi ne mai shafaffen gindi, ba shi da haƙori a ƙasa, kamar tubalin "tsayar da kome", domin bayan an tsaya ba sauran umarnin da zai biyo. Na huɗu mai buɗaɗɗen baki ne, wanda ke haɗiye waɗansu tubala a cikinsa, kamar "maimaita sau 10", ko "idan kaza ya faru, to". Na biyar yana da siffar ƙwai, shi ba umarni ba ne, lamba ko kalma ya ke ɗauke da ita, don haka ba ya shiga jeri sai dai a cusa shi a wani rami mai siffarsa a jikin wani tubali. Na shida mai kusurwa shida ne, tambaya ce wadda amsarta i ko a'a, kamar "kyanwa ta taɓa gefen dandali?", shi ma yana da raminsa mai tsini biyu.

To, a nan hikimar ta ke. A harshen da a ke rubutawa, mutum yana iya rubuta jimlar da ba ta bi nahawu ba, sai daga baya kwamfuta ta ƙi ta. A nan kuwa ba zai iya gina ta ba tun farko. In yaro ya jawo tubalin "yi gaba taku 10" yana so ya sa shi a ramin tambaya, ba zai shiga ba, sai ya zauna a gefe a kan fili. Ba tsawa, ba jan rubutu, siffar ce kawai ta ƙi.

HALAYEN JA DA AJIYEWA

Ga halaye bakwai waɗanda ya wajaba kowane malami ya san su kamar yunwar cikinsa.

Na ɗaya, rumbu ba ya ƙarewa. In ka jawo tubali daga rumbu, irinsa ne ya biyo ka, na asalin yana nan inda ya ke, ko sau ɗari ka jawo. Amma in a fili ka kama tubali, shi kansa ne ke tasowa, wurinsa ya zama wayam. Hannu aiki ɗaya ya yi, sakamakon ya bambanta bisa ga wurin da aka kamo.

Na biyu, tubali yana tafiya da na ƙasa da shi. In jeri yana da tubali goma, ka kama na huɗu ka ja, to, bakwai ne za su biyo ka, uku na sama su zauna. Kamar ayarin raƙuma ne da aka ɗaure a jere, in ka kwance na huɗu ka ja akalarsa duk na bayansa za su bi shi. Wanda ke son cire tubali ɗaya tak daga tsakiya, sai ya fara janye na ƙasa da shi ya ajiye a gefe, ya cire wanda ya ke so, sa'an nan ya mai da sauran.

Na uku, inuwa tana riga tubali isa. Da zarar tubalin da ka ke ja ya kusanci wurin da zai iya shiga, sai wata inuwa toka-toka mai siffarsa ta bayyana a wurin, jerin kuma ya buɗe ya ba ta hanya. Inda inuwar ta ke, nan tubalin zai faɗa in ka saki, ko da kibiyarka tana ɗan gefe. Ba a bukatar a daidaita shi sak. Wannan sassauci yana da dalili, domin tun a 1954 wani masani Ba'amurke mai suna Paul Fitts ya nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar abin da hannu ke nufa da nisansa, gwargwadon lokacin da zai ci kafin ya kai gare shi. Saboda haka a koya wa yaro ya duba inuwa kafin ya saki.

Na huɗu, mai buɗaɗɗen baki yana iya rungumar jerin da aka riga aka gina. In ka jawo tubalin "maimaita" ka kawo bakinsa daidai saman wani jeri, inuwar za ta nuna ya kewaye jerin duka. In ka ɗan yi sama ko ƙasa kuma, sai ya zauna bakinsa wayam.

Na biyar, rami ɗaya ba ya ɗaukar biyu. In ka ajiye tubali mai siffar ƙwai a ramin da wani ke ciki, sai na dā ya fito ya koma gefe. Bai ɓace ba, amma ba ya cikin aikin kuma.

Na shida, mayarwa rumbu sharewa ce. Duk abin da ka jawo daga fili ka sake shi a kan rumbu, ya tafi ke nan, shi da duk abin da ke maƙale da shi, kuma kwamfuta ba za ta tambaye ka ko ka tabbata ba. Amma akwai magani. In aka danna maɓallin Ctrl tare da harafin Z, ko aka danna maɓallin dama na linzami a kan fili aka zaɓi warware abin da aka yi, sai abin ya dawo, muddin ba a rufe aikin ba, ba a kuma koma kan wani ɗan wasa ba.

Na bakwai, ana jan 'yan wasa ma. In ka kama kyanwa a dandali ka kai ta wani wuri, sai lambobin da ke kan tubalin "tafi wuri kaza" na cikin rumbu su sake, su nuna sabon wurinta. Amma irin wannan tubali da ka riga ka ajiye a fili ba zai sake ba, yana nan da tsofaffin lambobinsa. Haka kuma in ka jawo jeri ka sake shi a kan ɗan hoton wani ɗan wasa da ke ƙarƙashin dandali, sai a yi masa irinsa, naka kuwa ya koma wurinsa.

ABIN DA NA GANI A WANI AJI

Gani ya kori ji. A wata makaranta da na je rangadi, wadda ba sai na ambaci sunanta ba, na tarar da wata yarinya 'yar aji biyar tana share hawaye da gefen mayafinta. Ta yi mako uku tana shirya tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ta zana su da hannunta, ta sa musu magana. Ran nan ta so ta gusar da tubali ɗaya daga tsakiyar jerin Gizo, sai duk na ƙasa suka biyo ta. Ta firgita, ta yi hagu da linzami, yatsanta ya kuɓuce a daidai kan rumbu, tubali wajen talatin suka ɓace. Malaminta ya ce mata kwamfutar ce ke da cuta, sai dai ta sake sabon aiki. Da na ji yadda aka yi, na ce ta danna Ctrl da Z. Nan take Gizo ya sami maganarsa. Hali na biyu da na shida ne suka haɗu a kanta, ba wata cuta. Ban ga laifin malamin shi kaɗai ba, domin na'ura aka ba shi, ba a ba shi horo ba.

A wannan aji kuma na ga kuskure iri na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci. An ce yara su sa kyanwa ta zana murabba'i, bayan an ƙaro tubalan alƙalami. Hanyar ita ce a sa "maimaita sau 4", a cikin bakinsa a sa "yi gaba taku 50" da "juya dama digiri 90", domin 90 sau 4 shi ne 360, watau kewaye cikakke. Wani yaro ya sa tubalin tafiya a cikin bakin, amma da ya jawo na juyawa sai ya sake shi a ƙarƙashin bakin. Tazarar wuraren biyu ba ta fi faɗin yatsa ba. Da ya danna tuta, kyanwa ta miƙe taku 200 sak, ta juya sau ɗaya, ta tsaya. Kwamfuta ba ta yi ƙorafin kome ba, domin tubalin ya shiga daram, nahawu ya cika. Ma'anar ce ta ɓaci. Yaron bai tsaya ya duba ba, sai ya shiga jawo tubala barkatai yana ajiyewa yana danna tuta, ko a dace.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Wannan hali ba na yaron nan ba ne shi kaɗai. A 2011 waɗansu masana uku na Cibiyar Weizmann ta ƙasar Isra'ila, Orni Meerbaum-Salant da Michal Armoni da Mordechai Ben-Ari, suka ba da labarin abin da suka gani ga 'yan makarantar da ke koyon Scratch. Sun lura yara sukan fara da kwaso duk tubalin da suka zaci zai yi amfani su zube a fili, sa'an nan su shiga harhaɗawa, maimakon su fara tunanin aikin gaba ɗaya. Sun kuma lura sukan farfasa aiki ya zama ƙananan jeri masu yawan gaske, har ya yi wuya a bi sawunsa in an sami kuskure. Sauƙin jawowa shi ke kawo wannan, gama abin da ba shi da wahalar ɗauka ba a cika yin shawara kafin a ɗauke shi ba.

Amma kada wannan ya sa a yi tsammanin dabarar ba ta da kirki. A 2017 David Weintrop da Uri Wilensky, waɗanda suka yi bincikensu a Jami'ar Northwestern ta Amurka, suka buga sakamakon wani gwaji na mako biyar a wata makarantar sakandare. Darasi ɗaya aka koyar, waɗansu ɗalibai da tubala, waɗansu da rubutu. Masu tubala suka fi samun ci gaba, suka kuma fi nuna sha'awar ƙara karatun kwamfuta, ko da ya ke masu rubutu sun fi ganin aikinsu ya yi kama da na ƙwararru.

Akwai kuma maganar hannun kansa. Wata masaniya ta ƙasar Kanada, Kori Inkpen, ta buga bincike a 2001 inda ta gwada yara da hanya biyu: ja da ajiyewa, da kuma danna abu sau ɗaya a sake, sa'an nan a danna inda a ke so ya tafi. Ta tarar hanya ta biyu ta fi musu sauri da ƙarancin kuskure. Dalili a fili ya ke, riƙe maɓalli da yatsa ana kuma tura linzami aiki biyu ne a lokaci guda, ƙaramin hannu kuwa yakan saki kafin ya isa. Saboda haka abin da babba ke gani ba kome ba ne, ga yaro gwaninta ce wadda sai an koya.

SHAWARA GA MALAMAI

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon malamai 'yan'uwana su kula da waɗannan abubuwa.

Da fari, a ba hannu darasinsa na musamman tun ranar farko. Kowane yaro ya jawo, ya ajiye, ya raba jeri, ya haɗa, ya share da gangan, ya kuma dawo da abin da ya share. Yaron da ya san yana iya warware kuskurensa ba ya tsoron gwadawa. A kuma duba linzaman kansu, domin linzami mai maɓallin da ke saki da kansa yana iya sa a ɗauki yaro mai ƙoƙari a kan daƙiƙi.

Na biyu, kada a jawo tubali sai an tsara aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaro ya rubuta a takarda, da Hausa tsantsa, abin da ya ke so ɗan wasansa ya yi, mataki-mataki, malam ya gani, sa'an nan ya zauna gaban na'ura. A makarantar da kwamfutoci ba su wadata ba, ko wuta ba ta tsayawa, wannan ma ya fi sauƙi. A yanka tubala da kwali bisa siffofin nan shida, a jera su a ƙasa, a fita filin makaranta wani yaro ya zama kyanwa, ya bi umarnin sak yadda aka jera shi. In an ajiye juyawa a wajen baki, duk aji za su ga ya miƙe ya nufi katanga. Scratch kansa ana iya sa shi a kwamfuta ya yi aiki ba tare da intanet ba.

Na uku, kafin a danna tuta, yaro ya karanta jerinsa da ƙarfi daga sama har ƙasa, ya faɗi abin da ya ke zaton zai faru. In abin ya saɓa wa zatonsa, kada malam ya karɓi linzami ya gyara masa. A tambaye shi inda zaton da aikin suka rabu, shi da kansa ya nemo.

Na huɗu, a saba wa yara da tsabtace fili. Tubalin da aka yar a gefe, ba malfa a kansa, ba ya yin kome in an danna tuta, amma yana rikita mai dubawa. Wanda ba a bukata a mai da shi rumbu.

Na biyar, a manyan azuzuwa a riƙa nuna musu jeri ɗaya a siffa biyu, ga shi da tubala, ga shi kuma a rubuce cikin harshe irin su Python, don su gane maimaitawa da sharaɗi da jerin umarni duk abu ɗaya ne, tufafin ne suka bambanta. Ta haka ranar da aka janye tubalan ba za su ga kamar an kai su baƙuwar ƙasa ba.

Ina kuma roƙon hukumomin da ke raba kwamfutoci ga makarantu su haɗa da horon malamai, ko na kwana uku ne, makarantun horon malamai kuma su sa wannan a cikin darussansu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya saba tun yana aji huɗu ya tsara kafin ya jawo, ya duba inuwa kafin ya saki, ya kuma nemi dalili in aiki ya ƙi, ya sami abin da zai amfane shi ko da bai zama ma'aikacin kwamfuta ba. Wanda aka bari kuwa yana ja yana ajiyewa ko a dace, zai fita makaranta da hannu mai sauri, amma in an tambaye shi me ya sa kyanwarsa ta miƙe ba ta juya ba, ba zai iya faɗa ba. Wannan tambaya ita ya kamata kowane malami ya yi wa ɗalibansa a darasi mai zuwa.